Ƙaton Kai da Ƙaramin Kai

Birnin Konni, farkon damina

Da sunan Allah mai rahama. Daga Lurwanu ɗan kabu-kabu, ubangidanka, zuwa ga bawana kuma taubashina Mahfuz, mai tonon zinari a Jado, wanda har yau ko ɗan kunne bai aiko gida ba.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya rana, ya rami? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, an yi shuka a Bazaga, gonarka ma na sa an shuke ta, sai dai rabin irin da anka shuka, zabin Kaka sunka tone shi. Kakarmu Kubura tana nan da ƙarfinta, bakinta bai rage komi ba. Tunda rezon waya ba ya kaiwa wurinku, na ba Mutari direba takardar nan. Ka yi haƙuri da ajamina, ka san allo kaɗai na riƙa, shi ma Malam ya fi ganin ƙeyata bisa ga fuskata.

Bayan haka, maganar matarka ce, yayata Bushira. Ka san cikin fari ne, ta koma gaban Kaka, kuma ko yanka ta za a yi ba ta ambaton abin da ke jikinta. Ni ke kai ta awo. Likitan ƙauye ya ce cikin bai kai girman watanninsa ba, ya tura mu Konni. Can wata ungozomar asibiti, Madam Latifa, ta ɗauki hoton cikin, kuma da ta ji miji ba ya gari sai ta kira ni in gani. Bawana, na riga ka ganin ɗanka. Kai ne sak: baƙi, ba fasali, kwance ba aikin fari.

Madam ta auna kewayen kansa cikin na'ura, ta nuna mini wata takarda mai zane kamar hanya. Ta ce wannan ita ce hanyar da kan jarirai ke bi wata bayan wata, namu kuwa ya sauka ƙasa da ita. Na ce, wato ya bar kwalta ya shiga yashi. Ta ce haka. Ta ce ƙwaƙwalwa ce ke tura ƙoƙon kai, in kai ya yi nawa tun tsakiyar ciki, sau da yawa ana ganin alamar bayan haihuwa: yaro shi makara ga magana, ko tafiya, ko gane abu. Ta ce ba kowane yaro ba, kuma ba yunwa kaɗai ke kawo shi ba, har da zazzaɓin sauro da ƙarancin jini. Na ce ko a yanki kaɗan daga nawa a ƙara mishi, tunda duk kasuwar Konni an rasa kaskon moto, hular kwano, da zai shige ni? Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi Yaya mi take ci.

To nan gizo ke saƙar. Kaka ta sa mata ma'auni. Kunu tsararo da safe, 'yar lomar tuwo da dare. Ba ƙwai, ba nono, ba wake, ba nama, wai kar kai shi yi girma shi ƙi fita. Ni in na yi magana sai ta ce miji ne mai cewa, ba ɗan moto ba. Don haka ka rubuto mata da hannunka, ka ce a ba matarka abinci ta ci ta ƙoshi.

Yaya ba ta ce in gaishe ka ba, amma da na ce zan yi takarda ta daɗe tana gyaran ɗankwali. Ka huta lafiya.

*

Jado, bayan isowar Mutari

Da sunan Allah. Daga Mahfuz zuwa ga Lurwanu Ƙaton Kai, bawan gidanmu tun kaka da kakanni.

Na amsa gaisuwa, na gode da shuka, Allah shi ba mu damina mai albarka. Ina lafiya, sai ƙaiƙayin ido na ƙura da ruwan sha mai gishiri.

Takardarka ta yi mana rana. Na karanta wa abokan rami, Ɗayyabu har da faɗuwa don dariya wurin yankan kai. Amma Lurwanu, wa kake so ka kama? Bara ka rubuto mini wai Kaka ta auri wanzamin Dogarawa, na sa anka yi mata addu'ar zaman lafiya bayan sallar Juma'a, har yau ana yi mini tsiya da ita. Yanzu kuma ka zo da jariri mai hawa kwalta, don in rubuta wa tsohuwa takardar rashin kunya ka samu abin dariya wata guda. Ban faɗa ba.

Kaka ta karɓi haihuwar rabin Bazaga, ni ma a hannunta na faɗo. Abin da ta ga ya dace da yayarka shi ne daidai, ka gaya mata in ji ni. Kai kuma ka riƙa kai ta awo a hankali, ban da gudu.

Ka gaida kowa. Allah shi shirye ka.

*

Birnin Konni, tsakiyar damina

Mahfuz, sallama.

Ina lafiya, Kaka lafiya. Yaya ce ba lafiya ba, kuma ka lura yau ban kira ka bawa ba.

Takardarka ta iso ranar da na kai wani ɗan kasuwa bakin iyaka, sai Mutari ya wuce da ita Bazaga. Liman ya karanta ta a tsakar gida, Kaka tana zaune bisa turmi. Tun ranar, in na buɗe baki sai ta ce, "Mai abu ya yi magana."

Ban zauna ba. Na ce tunda jika mijin kakarsa ne, bari in fara kai wa amaryata toshi. Kullum na taso daga Konni sai in riƙo ƙwan zabi, ko hanta, ko ƙwaryar nono, in durƙusa in ce, "Amarya, ga na neman shiri." Na san ba ta da haƙoran hanta, na zaci za ta tura wa Yaya. Ashe na raina tsohuwa. Ta karɓa ta sa mini albarka, ta kira ɗiyan maƙwabta ta raba musu a gabana. Yaran unguwar sun yi kumatu, har suna tarona bakin gari.

Na koma bayan ɗaki na miƙa wa Yaya dafaffen ƙwai ta taga. Ta riƙe shi a hannu har ya huce, ta maido mini. Ta ce, "Lurwanu, tsoro nike ji." Ita ke nan maganar da ta yi kan cikin nan tun da ya shiga.

Makon jiya zazzaɓi ya kayar da ita, anka kwantar da ita Konni, anka sa mata ruwa. Ta tashi, alhamdu lillahi. Madam ta sake awo. Kan ya ƙaru, amma ya ƙara nisa da hanyar.

Kai ka san abin da Kaka ke tsoro, ni ma na sani, ba a dai faɗi a gidanmu. Inna A'ishatu, ɗiyarta, wajen haihuwata bisa amalanke ta cika tsakanin Bazaga da Konni, da ni anka dawo ba da ita ba. Sunan da kuke kirana da shi ina dariya, na san inda ya samo asali. Don haka ban ga laifin tsohuwa ba. Amma na rantse da Alƙur'anin da ban sauke ba, wannan ba wasa ba ne. Ka rubuto.

*

Birnin Konni, gero ya fara ɗaukar ciki

Zuwa ga Mahfuz, da gaisuwa da fatan kana lafiya, ko da yake shirun ya yi yawa. Mutari ya ce hanyarku ta ɓaci, motoci sun tsaya Agadas. Zan ba shi wannan ita ma, duk ranar da ta iso ta iso.

Na gaji da jiranka, na koma ga sana'ata ta asali. Ranar awo na sa Yaya cikin motar kasuwa ta yi gaba, ni kuwa na zauna kusa da Kaka ina jan tsaki. Ta ce, "Kai kuma mi ya cije ka?" Na ce ba komi. Ta ce in faɗi. Na ce, "Amarya, ba na son kawo tsegumi, amma Madam ta Konni ta ce ungozomomin ƙauye ko kwanciyar ɗa ba su iya ganewa, lalube kawai suke yi kamar mai neman allura cikin buhun dusa." Allah shi gafarta mini, baiwar Allah ba ta taɓa faɗin haka ba.

Kaka ta miƙe ta ɗaura gyauto. Matar da ta rantse ba ta hawan moto har ta mutu, ita ce ta ce, "Tada abin nan naka."

Tun daga ƙofar asibiti ta fara kiran, "Ina yarinyar da ta ce ban iya ba?" Ni na laɓe bayan dogon yaro kusa da taga, komi a kunnena. Madam ta fito ta rasa gane kan zancen, sai ta hango kaina, ka san ba bishiyar da ke ɓoye shi. Allah shi yi wa matar nan albarka, nan take ta gane. Ta ce, "Inna, shigo ki duba ta da hannunki, in duba da nawa ƙarfe, mu haɗa."

Kaka ta shafa cikin, ta ce kai na sama wajen hagu. Madam ta ce haka hoto ya nuna. Sannan ta ce, "To girmansa fa, Inna? Mi hannunki ya ce?"

Na ƙara matsawa jikin taga. Can Kaka ta ce, "Ƙarami ne. Ni na so shi haka."

Madam ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce hana uwa abinci ba ya buɗe wa ɗa hanya, sai dai shi raunana su duka biyu, uwa ta rasa ƙarfin naƙuda, ɗa shi rasa abin gina ƙwaƙwalwa. Kaka ta ce, "In na ciyar da ita ya ƙi fita fa? Ke za ki tura amalanken?" Madam ta kama hannunta ta kai ta har ƙofar ɗakin fiɗa, ta ce, "Ba amalanke. Watan ƙarshe ki kawo ta ta zauna cikin gari, ki zo ke ma. In ya fita da kansa, falillahil hamdu. In ya ƙi, ga ƙofa nan."

Da munka fito Kaka ta murɗe mini kunne har na ga taurari da rana tsaka, ta ce maƙaryacin banza. Amma a hanyar komawa, da ta rasa wurin riƙo, sai ta dafa kaina da hannu biyu. Haka munka wuce gonaki da yawa. Sai na ji ta ce, "Da a cikin gari naƙuda ta sami A'ishatu, da ta ga wannan tulun da idonta." Na ce ƙura ce ta shiga mini ido, na rage gudu.

Yanzu kuma sai mu roƙi Allah shi ceci Yaya daga Kaka. Zabin nan da sunka tone maka iri, an fara yanka su ɗaya bayan ɗaya. Wake da zogale, fura da nono, hanta ranar kasuwa. Ƙwayar ƙarin jini Kaka ke ba ta da hannunta, ta ce buɗe baki in gani. Magariba na yi ta tura ta cikin sange, gidan sauro. Yaran maƙwabta sun daina gaishe ni.

Na gode wa Allah, na gode wa Madam Latifa. Kai kuwa sai na ga takardarka.

*

Jado, ƙarshen damina

Da sunan Allah. Zuwa ga ƙanena Lurwanu.

Takardunka biyu rana ɗaya sunka iso. Na karanta ta farko ban san akwai ta biyu ba, don Mutari ya manta ta cikin aljihun motarsa sai da la'asar. Abin da na ji tsakanin hantsi da la'asar ɗin nan, kar Allah shi nuna maka. Na riga na ɗaure kayana.

Ina lafiya. Ɗayyabu da ya yi dariya ya ce a ba ka haƙuri, ni kuma ban san da bakin da zan ba ka ba. Na ɗauki gaskiyarka wasa, na ba tsohuwa sanda da hannuna. Kai kuwa ka yi abin da ni mijin ban yi ba. Allah shi saka maka, shi jiƙan Gwaggo A'ishatu.

Ga takarda daban ta Kaka, ko da yake ta riga ni. Gidan Kawu Alamin da ke bayan tashar Konni akwai ɗaki, ka yi mishi magana su sauka can. Ka gaya mini gaskiya kan awo na gaba, ko mai daɗi ko marar daɗi. Daga yau duk abin da ka rubuto na yarda.

*

Birnin Konni, bayan girbi

Zuwa ga bawana Mahfuz, uban Hayatu. Ka ga na maido maka da muƙaminka.

Albishirinka. Namiji ne, kuma da ƙafarsa ya fito, wato da kansa, ba a buɗe ɗakin fiɗa ba. Yaya lafiya, tana wanka. Kaka ta kwana uku bakin ƙofar asibiti tana koya wa ma'aikata aikinsu. An raɗa suna gidan Kawu Alamin, Liman ya sa wanda ka zaɓa.

Ka ce in faɗi gaskiya. Awon ƙarshe kafin haihuwa, kan bai koma bisa kwalta ba, amma ya daina nisa da ita, shina bin gefenta. Yaron ƙarami ne, hular da na saya mishi har haɓa take rufewa. Madam ta ce aiki bai ƙare ba: nono zalla har wata shida, rigakafi, awo kowane wata da zaren awo a kai, kuma a riƙa yi mishi magana da wasa, don ƙwaƙwalwa na ci gaba da ginuwa bayan haihuwa. Ta ce ba ta yi mana alkawarin komi ba, sai ya kai kamar shekara biyu za a ga inda anka dosa.

Maganar surutu kuwa, na ce ta bar wannan a hannuna.

Tunda ka ce duk abin da na rubuto ka yarda: wanzamin Dogarawa ya sake aiko wa Kaka goro.

*

Jado, bazara

Da sunan Allah. Zuwa ga Lurwanu, da gaisuwa mai yawa gare ka da Kaka da mutan gida. Na iso lafiya, na koma rami.

Wata biyun da na yi gida sun yi mini daɗi, amma na taho da abu a zuciya. Hayatu ya haura shekara ɗaya da rabi. Shina tafiya, shina gudu, in an kira shi shina waigowa, amma ban ji kalma daga bakinsa ba sai "Inna" da "a'a". Ɗan maƙwabciyarmu Basira da anka haifa bayansa har waƙa shike yi. Ban yi wa yayarka zancen ba don kar in tada mata hankali. Dare da rana ina tuna watannin nan da takardata ta jawo.

Ka kai shi wurin Madam, ka rubuto mini abin da ta ce.

*

Birnin Konni, an yi ruwan shuka

Da sunan Allah. Daga Lurwanu zuwa ga bawana Mahfuz. Kowa lafiya, ina fatan kai ma haka.

Na kai shi. Madam ta auna kai, ta ce shina nan gefen hanyarsa bai sauka ba. Ta gwada jinsa da ganinsa, ta ba shi 'yan gwangwanaye ya ɗora su bisa juna, ta ce shi nuna hancinsa ya nuna nata. Ta ce bakinsa ya ɗan yi nawa, gaskiya ne, amma shina fahimta, mu ci gaba da yi mishi hira, mu dawo bayan wata uku. Na so in rubuto maka haka tun makon jiya, Mutari bai tashi ba. Gara da bai tashi ba.

Shekaranjiya na je Bazaga na tarar gida a hargitse. Kaka ta aje ƙulli-ƙullinta cikin ƙwarya ta shiga alwala, ta fito ƙwarya wayam. Ta fara da ni, na ce yanzu na sauka bisa moto, injin ma bai huce ba. Sai ga ɗanka ya fito daga bayan rumbu, kumatu cike, baki duk gari, hannu ɗaya a baya.

Kaka ta ce, "Kai miji, ina ƙullina?"

Ya dube ta, ya dubi akuyar Yaya da ke kwance tana tuƙa ba ruwanta. Ya haɗiye. Ya miƙa yatsa ya ce, "Akuya ta ci."

Mahfuz, kalma uku a jere, kuma ƙarya tsagwaronta! Yaya ta saki muciya ta zauna ƙasa, tana dariya tana share ido da bakin zane, ta manta da kunyar ɗan fari ta ce, "Sake faɗi, Hayatu." Ya sake. Har ya ƙara da "Duka." Na gaya wa Madam jiya, ta ce yaron da ya san a ɓoye abu, ya san za a tambaya, ya kuma nemo wanda zai ɗora wa, kansa na aiki. Ta ce duk da haka mu kawo shi ranar da ta sa, kuma a rage barinsa wurina.

Na yi raka'a biyu na godiya. Kai ma ka yi, ka bar tuhumar kanka haka nan.

Akuyar dai tana ɗaure a turke tun ranar. Na ce Kaka ta sake ta, kowa ya san ba ita ba ce. Ta ce ba a ƙaryata mutum a maganarsa ta farko.